Tagar Hawa na Shida

Ranar Litinin, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, Sirajul mai wankin bango ya faɗo daga hawa na biyar na wani benen haɗaka a birnin Pune. Kafin Sufeto Bhosale ya iso, mazauna benen sun rufe gawar da tsohon zanin gado, sun koma gardamar wanda zai wanke jinin.

Bhosale ya hau rufin. Igiyar da mamacin ke rataye da ita ba ta tsinke ba, ba kuma yanka ta aka yi ba. Wani ne ya buge guntun ƙarfen da ke riƙe da ƙullinta a jikin bututun tanki.

Misis Apte, sakatariyar kwamitin benen, ta tarbe shi rungume da fayil.

"Komai a tsare muke yi, Yallaɓai. Wankin bango kafin damina, sannan ragar hana tattabaru a kowace taga. Ga jadawalin can manne a bakin lif."

"Makullin rufi fa?"

"Ɗaya ne tak, yana jakata."

"Ashe jakarki na zubar da gero. Na gan shi a gindin bututun."

Ta gyara tabarau. "To, akwai na tsoho Tambe, na hawa na shida. Matarsa ce ke ciyar da tattabaru a can kafin ta rasu. Tsuntsayen nan sun mai da mana gida masai, amma wa zai ƙwace makulli a hannun tsoho?"

Mujib, shugaban ma'aikatan, yana tsugune a bakin get.

"Ƙarfe ɗaya kowa ke saukowa cin abinci, Yallaɓai, duk benen nan an sani. Shi kuwa ramuwar azumi yake. Ya ce in ya zauna yana kallon bakinmu zai karya, gara ya ci gaba da aiki."

Ɗakin Tambe labule a sake, kofi ɗaya a kan tebur, faranti ɗaya. Bhosale ya san irin gidan, don irinsa yake komawa kullum.

"Shekara biyu ban hau rufi ba, ɗana," in ji tsohon. "Gwiwoyina sun riga ni ritaya."

"Sandarka ce ta hau ita kaɗai, Baba? Ga tsatsa ɗanya a kanta."

Tambe ya daɗe yana kallon sandar.

"Akwai sheƙa a tagar can, ƙwai biyu. Tun matata Sulabha na raye suke zuwa. Sau uku na rubuta wa kwamiti, na ce kwana goma kawai za a jira. Suka ce jadawali jadawali ne. Bisa jadawalin, yau da yamma za a iso tagata. Na ce in igiyar ta faɗi, aikin yau ya tsaya. Na ji nauyi a jikin igiyar. Wallahi na ɗauka bokitai ne. Yana da 'ya'ya?"

"Uku."

Tsohon ya miƙe, ya ajiye makullin kusa da kofin. Bai ɗaga labulen ba. Wani kofur ya riƙe shi a hankali har mota, maƙwabta na leƙe ta tagoginsu masu sheƙi.

Bhosale ya tsaya a farfajiya, ya ɗaga kai. An wanke bangon tas tun daga sama har wurin da mamacin ya tsaya, in ban da taga ɗaya a hawa na shida. Tana nan da daɗaɗɗen kashin tsuntsu, babu raga, tattabara na kwance abinta.

"Wannan fa?"

"Sirajul ne ya tsallake ta," in ji Mujib. "Tun jiya ya ce shi ba zai zuba wa uwa ruwa a kan ƙwai ba, ko da Misis za ta kore shi."

Motar ta riga ta fita get. Kwana uku Bhosale na wucewa ta ƙofar ɗakin da ake tsare da tsohon, ya kasa tantancewa ko gaya masa zancen tagar jinƙai ne ko wuƙa. Da safiyar Juma'a ya yanke shawarar gaya masa, ya tarar an kai Tambe asibiti, kuma daga can bai dawo ba. Kalma biyar ce kawai: Baba, bai taɓa su ba.