Akwatin da Ba Ya Shan Wuta

Ƙarfe uku da rabi na yammacin Lahadi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Luveve, aka ce wutar lantarki ta kashe wani dattijo a falonsa. Sufeto Bekezela Mguni ya ture kwanon abincinsa, ya ɗauki hula, ya ce wa Saja Mudenda ya tada mota.

Mamacin, Baba Josphat Nleya, ba ɓoyayye ba ne a wurin masu son kiɗa a Bulawayo. Shekara talatin ya yi yana haɗa sauti a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Duk Lahadi da la'asar dattawa kan taru a falonsa su saurari tsofaffin faya-fayai, kuma duk na'urar da kunnensa ya yaba, ita kowa zai nema.

Sun same shi kwance a gaban kantar kayan sauti, ƙafarsa ba takalmi a kan siminti. Yatsunsa biyu na dama sun ƙone.

Matarsa, MaSiziba, na zaune a bakin kujera da kayan cocinta, ko ɗankwalin ba ta cire ba. Kusa da ita wani dogon dattijo mai furfura ke tsaye.

"Wa ya fara ganinsa?" in ji Mguni.

"Ni ne, ɗana. Elphas Tshabangu. Abokina ne tun muna samari. Na iso ƙarfe uku, na tarar da shi haka. Ban taɓa komai ba, sai na ruga na kashe babban makunnin wutar gidan."

"Yau kun haɗu kafin wannan lokacin?"

"A'a. Rabona da shi tun Lahadin da ta wuce." Ya nuna kantar da leɓe. "Ga abin da ya kashe shi nan. Sau nawa ina gaya masa ya rabu da akwatin yarinyar nan!"

Mguni ya matsa. Wani ɗan akwati ne na katako, bai fi girman bulo ba, da kambu biyu na tagulla da ake murɗawa a gabansa. Ɗaya na ƙara murya da ragewa. Ɗayan an zana masa lambobi daga ɗaya zuwa huɗu, kuma a kan huɗu yake tsaye.

"Mama, mene ne aikin lambobin nan?"

MaSiziba ta share hawaye. "Ɗaya garmaho, biyu sidi, uku rediyo. Da shi yake zaɓar wanda zai ji."

"Huɗu fa?"

"Ba komai a huɗu. Bai taɓa murɗawa can ba."

Mguni ya haska bayan akwatin da tocila. Wayoyi uku sun shiga, guda ta fita zuwa amfilifaya. Ramin na huɗu fayau yake, amma bakinsa ya yi baƙi, yana warin ƙuna. Ya bi bayan da ido sau biyu yana neman wayar da ke zuwa soket. Bai gani ba.

A waje dattawan Lahadi sun fara isowa da faya-fayansu a hammata. Kafin motar asibiti ta tafi da gawar, sunan da ke yawo a bakinsu guda ɗaya ne: Sithabile Hadebe, wadda ta ƙera akwatin.

Saja Mudenda ya ce, "Yallabai, mu ɗauko ta yau. In muka bari, mutanen nan za su riga mu."

"Mu je. Amma bar ankwa a mota."

Shagon Sithabile wani ɗaki ne a bayan gidan iyayenta, yana warin dalma. Mace ce mai kimanin shekara talatin da biyar. Labari ya riga su isa, don idanunta sun yi ja.

"Ke kika ƙera akwatin Baba Nleya?"

"Ni ce."

"An ce shi ya kashe shi."

Ta jawo wani akwati irinsa daga kan tebur, ta kwance shi da sukundireba, ta tura gabansa. Ciki ba komai sai 'yan siraran wayoyi da bayan kambun nan biyu.

"Duba da kyau, yallabai. Ina batir? Ina wayar soket? Akwatin nan ba ya shan wuta. Hanya ce kawai. Sauti ya shigo ta nan, kambu ɗaya ya zaɓa, ɗaya ya rage shi, ya fita. Ko ƙara masa ƙarfi ba ya iyawa. Ka sa harshenka a ciki, ba abin da zai same ka."

"To wutar da ta ƙona masa yatsu fa?"

"Daga waje ta zo. Wani ya jona masa ita."

"Yaushe rabonki da gidan?"

"Wata biyu."

Mguni ya buɗe littafinsa. "Matarsa ta ce ranar Juma'a ta dafa miki shayi."

Sukundireban ya kuɓuce daga hannunta. Ta zauna a kan benci, ta dafe kai.

"Tsoro ne ya sa ni. Na san duk garin ni za a nuna. Shi ya kira ni, yana son in tabbatar masa lamba huɗu na aiki. Ya ce wani zai kawo masa tsohuwar rakoda mai zare, da ɗaukar wasan ƙanensa marigayi, wanda ke busa ƙaho. Ya ce shekara arba'in bai ji busar nan ba. Murna yake kamar ranar aurensa."

"Wa zai kawo?"

"Bai faɗa ba. Ya ce an roƙe shi ya yi shiru, sai Lahadi a ba kowa mamaki."

"A ina kika koyi sana'ar?"

"Wurin Baba Tshabangu. Shekara tara ina ƙarƙashinsa."

Mguni ya rufe littafin. "Kada ki bar gari. Kuma ki kulle ƙofarki."

A mota Mudenda ya yi tsaki. "Wadda ta yi ƙarya sau ɗaya za ta yi sau biyu."

"Haka ne. Amma ramin nan ba da kansa ya ƙone ba, kuma wayar da ta ƙona shi ba ƙafa ta yi ta fita ba."

Washegari da safe suka koma gidan. An cika tsakar gida da masu zaman makoki, mata a kan tabarmi suna rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Mguni ya nemi MaSiziba ta shigo falon ita kaɗai.

Ya buɗe labule, hasken rana ya faɗa kan kantar. Katakon na sheƙi. A gefen dama na akwatin akwai fili, kuma a cikin sheƙin ga tabo huɗu masu zagaye, kamar an danna kuɗin ƙarfe a kan man shanu.

"Mama, yaushe aka shafa wa kantar nan mai?"

"Jiya da safe, kafin in tafi coci ƙarfe takwas. Duk Lahadi nake yi, saboda baƙinsa."

"Akwai wani abu a wannan gefen?"

"Babu. Nan nake ajiye masa kofin shayi."

"Da kika dawo fa?"

"Babu." Ta dube shi a tsorace. "Me ke nan, ɗana?"

"An ɗora abu mai nauyi bayan fitarki, an kuma ɗauke kafin ki dawo. Wa ke ƙera wa maigidan kayan sauti kafin Sithabile?"

"Baba Tshabangu mana. Wata babbar na'ura mai ƙwayayen gilashi, tana zafi kamar murhu. Shekara ashirin tana nan. Da Sithabile ta kawo nata, sai maigida ya jona su biyun, ya sa kowa ya rufe ido ya zaɓa. Duk suka zaɓi nata. Har shi Baba Tshabangu, da idonsa a rufe, nata ya zaɓa. Aka yi ta dariya. Shi ma ya yi dariyar."

A tsallaken titi akwai wata mai sayar da tumatir a ƙofar gidanta, NaLindani. Mguni ya sayi kashi ɗaya kafin ya yi tambaya.

"Jiya kin fito kasuwa?"

"Ina zan je? Tun bakwai ina nan."

"Wa ya shiga gidan Baba Nleya?"

"Ni ba na sa ido a kan mutane, yallabai."

"Na sani. Amma mota ai tana da ƙara."

Ta gyara zama. "To, tsohuwar motar nan mai ruwan toka dai ta zo wajen goma. Mai ita ya shiga rungume da kaya a cikin bargo, ya fito hannu sake. Ƙarfe uku ya dawo. Ya ɗan jima a ciki, ya fito da bargon, ya sa a but ɗin motar, ya rufe. Sannan ya koma ƙofa ya ɗora hannu a ka ya fara ihu."

"Bayan ya rufe but ɗin?"

"Bayan ya rufe. Har na ce a raina, wannan kuka da tsari yake."

Mudenda ya koma mota ya ɗauko ankwa ya sa a aljihu.

Sun sami Baba Tshabangu a garejin gidansa. Motar mai ruwan toka na ciki. A jikin bango an jera manyan na'urori masu ƙwayaye har guda bakwai, ƙura ta fara hawa kansu.

"Kun kama ta?" ya tambaya tun kafin su gaisa.

"Tukuna, Baba. Waɗannan duk naka ne?"

"Nawa ne. Masu su ne suka dawo da su, wai sun sami abin zamani."

"Shekara nawa kana aikin lantarki?"

"Arba'in da biyu."

"To ka taimaka mini, ni jahili ne. Akwatin da ba shi da batir, ba shi da wayar soket, ta ina yake samo wutar kashe mutum?"

"Aikin yara ne. Komai na iya faruwa."

"Ka ce da ka shiga ba ka taɓa komai ba, sai ka ruga ka kashe wutar gidan."

"Haka aka yi."

"Mutum mai shekara saba'in da huɗu ka gani kwance a ƙasa. Ni da na ce zuciya ce, ko hawan jini. Da na durƙusa na girgiza shi, na kira sunansa. Kai ba ka taɓa shi ba. Wa ya gaya maka wuta ce?"

Dattijon ya kawar da kai. Can waje wani kare na haushi.

"Jiya ƙarfe goma kana ina?"

"Ina gida."

"Ba ni makullin but."

"Ɗana, ni sa'an ubanka ne."

"Shi ya sa nake roƙo, Baba. Makullin."

Ya miƙa makullin. Mudenda ya buɗe but ɗin, ya yaye bargo. Ga tsohuwar rakoda mai zare. Ya kifa ta: ƙafafunta huɗu na roba duk sun sha man katako. Wayar da ke fita daga bayanta, bakinta ya narke ya yi baƙi. Mguni ya duba inda ake ɗora zaren. Ba zare.

"Ina busar ƙanen nasa?"

Baba Tshabangu ya sulale ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Babu ita. Ba a taɓa ɗauka ba."

"Faɗi yadda aka yi."

"Na gyara rakodar yadda wuta za ta bi wayarta, na jona masa ita a lamba huɗu. Na ce ya bar ta ta yi ɗumi, sai ya ci abincin rana sannan ya murɗa." Ya ɗago kai, idanunsa sun cika. "Ni na koya mata riƙe dalma! Shekara tara! Sai ta haɗa akwatin da ba komai a cikinsa, ta ce wai sauti ya fi kyau in ba a taɓa shi ba. Ka san abin da hakan ke nufi? Duk abin da na yi shekara arba'in ina yi, ɓata sauti nake. Kuma Josphat ya sa na faɗa da bakina a gaban mutane. Na so wutar ta ɗan fizge shi ne kawai. Ya tsorata, ya jefar da akwatin, kowa ya dawo hayyacinsa. Wallahi ban yi nufin kisa ba."

Mguni ya ciro wata takarda daga aljihu.

"Likita ya aiko da wannan da safe. Ya ce akwai 'yar na'ura a ƙirjin Baba Nleya da ke riƙe masa bugun zuciya. Ya ce ko rabin wutar nan ta ishe shi. Ka san da ita?"

Dattijon ya daɗe yana kallon motarsa. Da ya yi magana, da ƙyar aka ji muryarsa.

"A wannan motar na kai shi asibiti aka sa masa."

Mudenda ya matso da ankwa. Baba Tshabangu ya miƙa hannuwansa biyu ba gardama.

Suna fitowa suka ga Sithabile tsaye a bakin ƙofar gidan. Ta kasa zama a shago, ta biyo sawu. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskar mutumin da ya koya mata sana'a.

"Baba," ta ce, "da ka ce in daina, da na daina."

Bai dube ta ba. Mudenda ya dafa masa kai ya shigar da shi bayan mota, ya rufe ƙofa. Mguni ya zauna gaba, ya ce a bi ta ofis tukuna. Daga can shi kaɗai zai koma gidan makoki, ya gaya wa MaSiziba ko wane ne.