Masunci Da Gaiwa Cikin Laka

A can wani zamani an yi wani masunci mai gajen haƙuri. Wata shekara aka yi fari, tafkin garinsu ya ƙafe ƙaf. Ya shiga gida, ya fita. Ya dubi sama, ya yi tsaki. Ya sake shiga, ya sake fita.

Rannan ya naɗe tarunsa, ya ce wa matarsa, "Gobe zan sayar, kowa ya sayar da nasa."

Ta ce, "To, maigida. Amma ɗebo mini laka tukuna, in gyara murhu."

Yana cikin haƙa a tsakiyar tafkin, sai ga kifin nan gaiwa, ta naɗe jikinta cikin busasshiyar laka. Ta rame, amma tana numfashi ta wata 'yar kafa. Ya ruga gida ya faɗa wa matarsa.

Ta ce, "Haka take yi, tsokar jikinta take ci har ruwa ya dawo. Ka taɓa jin ta sayar da wutsiyarta?"

Masunci ya koma ya rufe ramin, ya bar mata kafar. Sannan ya kwance tarunsa, ya zauna yana ɗinke hujojinsa.

Da damina ta faɗi, tafki ya cika, tarunsa ne kaɗai ya shiga ruwa.