Zanen Uzairu a Kan Toka

Duk wanda ya biyo ta tashar Rano da hantsi ya ga wani mutum zaune a gindin darbejiya, haɓarsa manne da ƙirjinsa, kada ya yi masa sallama ya tsaya jiran ya ɗago. Ba girman kai ba ne. Sunansa Uzairu, kuma an yi lokacin da manajojin banki ke roƙon Allah ya sa ya ɗaga musu waya.

Mutumin Madachi ne, ɗan manoma. Ya je jami'a ya karanta kwamfuta, ya dawo da digiri, ƙasa ta karɓe shi yadda ta saba karɓar masu digiri, wato ba ta ma san ya dawo ba. Sai ya kama ɗan shago a Rano, yana yi wa yara rajistar jarrabawa, yana hure ƙura daga kwamfutocin mutane. Amma ransa na kan wani satifiket da wani kamfanin ƙasar waje ke bayarwa ga wanda ya iya tsara yadda dubban kwamfutocin babban kamfani za su riƙa magana da juna, daga reshen Legas har na Maiduguri, magana ba ta yanke ba. Masu irin wannan takarda ba su da yawa a ƙasar nan, kuma ba sa neman aiki, aiki ke neman su.

Ya sayar da rabon gonarsa ya shiga kwas a Kano. A can aka haddace masa ginshiƙin sana'ar: kada ka rataya komai a kan waya ɗaya. Ka raba kaya a kan hanyoyi da yawa, ka kuma tsara ta yadda in hanya ɗaya ta mutu, kayanta zai koma kan sauran da kansa, ba sai an tashi kowa daga barci ba. Uzairu ya riƙe wannan fiye da yadda ya riƙe azkar.

Ya zauna jarrabawa ya faɗi. Ya sake ya faɗi. A karo na uku ma bai ba wa kowa mamaki ba. Kullum maganar masu gyaran jarrabawar ɗaya ce: zanensa gwanin kyau, amma ba ya tsayawa ya tambayi nauyin da kowace waya za ta iya ɗauka. Shi kuwa ya ce baƙin ciki ne irin na Turawa. Abin da ya ƙarasa shi, Ishiyaku ɗan Kibiya, wanda shi Uzairu ya riƙa koya wa lissafi a jami'a, ya ci a zama ɗaya. Ran sallah ya tsaya a ƙofar shagon da mota mai sanyi, ya sauke gilashi rabi, ya tambayi Uzairu ko har yanzu yana yin fotokwafi.

Matarsa Barakatu ta ce masa arziƙi na Allah ne, ya ci tuwonsa. Ya ce ita ba ta karanta abin da ya karanta ba. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa take barci.

A bayan duwatsun Rurum Tsohon Gari akwai wani boka da ake kira Ɗanmalam. Tun da aka ƙaddamar da shari'a ya sayi farar riga da carbi, ya kuma daina aikin dare, don ya lura mai tafiyar dare ake zargi. Da tsakar rana yake ganin mutane, lokacin da mutanen kirki ke neman inuwa. A irin wannan lokaci Uzairu ya jingine babur ɗinsa a gindin wata kuka, ya bi ta tsagin dutse.

Ciki babu rana, babu iska. Wani wari ne kamar na mahauta da aka rufe aka manta. An rataye ƙahonin awaki a jikin dutse, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. A tsakiya akwai wata tukunya baƙa da jini ya bushe mata kashi-kashi har ya yi kauri kamar ɓawon itace, ƙudaje na zagaya ta amma ko ɗaya bai sauka ba. Ƙasan wurin duk toka ce. Ɗanmalam na zaune a kan fatar kura, farar rigar a ninke a gefe.

Bai bari ya gama bayani ba. Ya ce takarda ba komai ba ce, ya sa mutanen da ba su iya rubuta sunansu ba sun ci zaɓe. Ya zura hannu biyu cikin tukunyar ya fito da wani dutse baƙi da bai wuce ƙwan zabuwa ba, ya ce Uzairu ya ɗaga. Uzairu ya sa hannu ɗaya, ya ƙara ɗaya, ya yi nishi har jijiyar wuyansa ta fito. Dutsen ko gezau.

"Kayan masu wurin nan ne," in ji Ɗanmalam. "Sun gaji da ɗauka. Za su ba ka abin da ka zo nema, kai kuma ka ba su mai ɗauka. Mutum ɗaya, jininka. Ka faɗi suna."

"In ya ɗauka sai me, Malam?"

"Ai ka riga ka taɓa dutsen, ka ji nauyinsa."

Da wani ne, da ya tashi ya nemi takalminsa. Wani kuma, mai baƙar zuciya, da ya faɗi sunan wani kawu da ba ya so. Uzairu bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi dutsen, ya dubi tokar, sai ya ji abin da ya daɗe bai ji ba: an kawo masa tambayar da ya san amsarta.

"Malam, tsarin nan naku akwai gyara. Don me za a ɗora wa mutum ɗaya? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba. In mutane suna da yawa, kowa ɗan ciwon kai zai ji, ya sha magani ya wuce."

Ɗanmalam ya daina jan carbi. Ya ce shekarunsa a wannan kogo, bai taɓa jin irin wannan ba. Ya tura masa tsinke ya ce ya nuna masa.

Uzairu ya durƙusa ya share toka. Ya ajiye tsakuwa a madadin mahaifiyarsa, Inna Jumai. Ya ajiye ta ƙanensa Shitu, ta yayarsa Barira, ta 'ya'yan baffanni da na goggonni, har waɗanda rabonsa da gaishe su tun suna. Ya ja layi daga kowace zuwa biyu ko uku na kusa da ita. Wuri ɗaya ya rage zanen bai rufe ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya ɗauki wata ƙaramar tsakuwa ya cike gurbin da 'yarsa Ramlat, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ya gaya wa kansa rabonta ba zai kai nauyin hula ba.

"In ɗaya ya gaji fa, Injiniya?"

"Kayansa ya koma kan sauran, da kansa. Ba sai an tambaye ni ba."

"Sake faɗa, su ji."

Ya sake faɗa, da ƙarfi, yana jin daɗin kalmar injiniya. Bai sa kansa a zanen ba, don mai tsara gida ba ya cikin tubali. Sai dai a kwas an koya musu cewa mai kula yakan bar wa kansa 'yar siririyar hanya don ya san abin da ke faruwa, saboda haka ya ja wani ɗan layi daga zanen zuwa inda gwiwarsa take. Ɗanmalam ya kalli layin. Ya bi zanen da baƙin zare, ya yanka baƙin bunsuru a kai, jini ya bi zaren gida-gida bai kauce ba. Sannan ya ɗora dutsen a tsakiya da yatsu biyu.

Uzairu ya ci jarrabawa. Kafin damina ta zagayo ya koma Abuja, wani banki ya ɗauke shi, wani kamfanin waya ya ƙwace shi. Ya gina bene a Rano, ya kai Inna Jumai Makka, ya saya wa Shitu injin ban ruwa. Ya nemi Ishiyaku takanas ya sauke masa gilashi rabi. A Madachi kuwa dangi suka fara kukan wuya. Kowa ya ce matashi ne, ko sanyi, ko tsufa. Uzairu ya aiko da kwalin man zafi, aka yi ta sa masa albarka.

Abin da bai tambaya ba shi ne wanda aka faɗa masa sau uku. Ya raba kaya daidai wa daida, tsohuwa da ƙato, mai ciki da mai noma. Inna Jumai ce ta fara. Wata Laraba tana tsince wake a tsakar gida, kanta ya yi ƙasa a hankali har goshinta ya taɓa faifai. A daidai lokacin, Uzairu na gaban allo a wani taro, ya ji kamar an ja masa gashi ɗaya a tsakar ka. Mata masu wanka suka ga tsakiyar kanta ya lotsa, ya yi santsi, kamar na wadda ta shekara tana dakon itace ba gammo. Suka yi shiru, don ba a tona gawa.

Kayanta ya koma kan sauran, da kansa. Tsarin ya yi aiki yadda aka zana shi.

Bayan sadakar arba'in wata 'yar baffansa ta rasu a wurin haihuwa, ita da abin cikinta. Shitu, wanda ke ɗaga buhun masara shi kaɗai, ya fara tafiya a duƙe, rannan aka tsince shi a fadama fuskarsa cikin ruwan da bai kai idon sawu ba. Kowace rasuwa ta fi ta bayanta saurin zuwa. Barira ba ta mutu ba. Ta naɗe zanenta ta yi gammo ta ɗora a ka, ba komai a kai, ta shiga gari tana bin mutane ƙofa-ƙofa tana cewa don Allah a kama mata ta sauke. Masu tausayi sukan kai hannu su yi kamar sun sauke. Sai ta yi godiya, ta ce bai sauku ba.

Uzairu ya riƙa zuwa ta'aziyya da buhunan shinkafa. A duk zuwa yakan saci kallon Ramlat, wadda ya bari a Rano tare da uwarta. Ranar da ya ga tana wasa da hannu ɗaya, ɗayan ta tallafe ƙeya, ya ture kwanon tuwo ya fice zaure.

Barakatu ta same shi a zaure. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Ramlat, ni ban yi jami'a ba, amma na iya kallo. Duk wanda ya haɗa jini da kai wuyansa ya karye. Ni lafiyata ƙalau. Kai ma lafiyarka ƙalau. Me ka ɗora wa 'yata?"

Ya ce ta ji tsoron Allah. Ta ce shi za ta ce wa haka, amma tana ganin ta makara.

Washegari da tsakar rana ya koma kogon. Zanen na nan yadda ya bar shi, sai dai yawancin tsakuwoyin sun zama gari, zaren da ya rage ya miƙe kamar tsirkiya. Ya ce a cire ƙaramar tsakuwar. Ɗanmalam ya ce shi ba injiniya ba ne, amma a iya fahimtarsa duk zaren da aka yanke kayan zai nemi wata hanya ya isa gare ta, don haka mai zanen ya tsara. Uzairu ya ce to a ƙara mutane. Ɗanmalam ya tambaye shi wa ya rage.

"Hanya ɗaya ce," in ji bokan. "Ga dutse, ga kanka. Ka ɗauka yanzu, yarinya ta miƙe. Aikin da benen da motar, masu wurin su karɓi abinsu."

Uzairu ya daɗe yana kallon dutsen. Akwai wata babbar kwangila da za a sa wa hannu a ƙarshen wata. Ya lissafa cewa da Barira da 'yan uwan da suka rage, tsarin zai iya kai wa lokacin. Ya ce zai je ya yi nazari ya dawo da wani zane. Ɗanmalam ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da jan carbinsa.

Lissafinsa na nauyi bai taɓa yin daidai ba, ban san abin da ya sa ya zaci wannan zai yi ba. Barira ta faɗi a bakin kasuwa, gammonta a ka. Sauran ba su yi mako ba. Yana ɗakin taro a Abuja, alƙalami a hannu, ya ji an ja gashin tsakar kansa, a hankali, jan ƙaramin hannu. Bai buƙaci a buga masa waya ba. Ai don ya sani ya bar wannan layi.

Da kaya ya duba bai ga kowa ba, sai ya bi hanyar da ta rage. Waɗanda ke wurin sun ce sun ji ƙarar wuyansa kamar an taka kara.

Bai mutu ba, kuma wannan ba rahama ba ce. Likitoci sun ɗauki hoto sun ce ba su ga komai ba. Mutumin da ba ya iya ɗaga kai ya dubi allo ba ya tsara wa banki komai. Satifiket ɗin ma, ashe sabunta shi ake yi bayan 'yan shekaru, wa'adinsa ya wuce ba wanda ya lura. Benen ya tafi a neman magani. Barakatu ta koma gidansu a Saji, ta ce ko sunansa kada a ambata mata. Gidansu na Madachi an sa masa kwaɗo, ciyawa ta cinye tsakar gidan.

Ba zan ce muku kada ku nemi ilimi ba. Masu gyaran jarrabawar nan sun gaya wa Uzairu gaskiya sau uku, da ya saurara da ya ci da guminsa, ko ya faɗi danginsa na raye. Amma ku da kuke ganin boko ya ba ku wayon da za ku shiga kogo ku yi ciniki ku fito da riba, ku sani ba a taɓa yi ba. Jahili in ya je wurin boka mutum ɗaya yake bayarwa, Allah ya tsine wa hakan. Mai ilimi ya je ya ba da gida guda, har da gyara musu tsari. Kwaɗayi ba ya rage nauyin kaya, wuyan da zai ɗora wa kawai yake nema, kuma a ƙarshe ya san hanyar gida.

In kun wuce ta tashar, kuna iya ajiye masa sadaka. Ku sa a ƙasa, kusa da ƙafarsa, inda idonsa ke kaiwa. Za ku tarar yana zane da tsinke, tsakuwoyi a jere, yana neman inda zai cire ƙaramar.