Fata Ɗaya, Ƙofa Biyu

Ran da Auta ta fara ganinsa, a durƙushe yake gaban ƙofar motar mahaifinta. Ruwa ta kawo wa Baba a garejin gida, sai ta tarar da wani saurayi yana zare ruɓaɓɓen allon da ke rufe cikin ƙofar, a hankali, kamar mai cire wa yaro ƙaya.

"Sannu da aiki, Malam. Wannan ruɓaɓɓen kake lallashi? Ai fizge shi za ka yi ka jefar."

Ya ɗago, gam a yatsunsa, alli a bayan kunne.

"Ranki ya daɗe, ai shi ne malamina. In ya karye, wa zai faɗa mini inda ramukan suke?"

Ta yi dariya, ta manta ba ta miƙa ruwan ba sai da Baba ya yi gyaran murya.

Mai Kushin ake ce wa saurayin, don aikinsa ke nan: kujerun mota, rufin ciki, allunan ƙofa. Baba kuwa tsohon direba ne, motar nan mai ƙofa biyu ta girmi duk 'ya'yansa. An tada inji, an yi fenti, cikin ƙofofin kaɗai ya rage. Saboda ƙofofin ne Baba ya fito da wata fata ja mai duhu da ya daɗe yana ɓoyo, ragowar wadda aka yi wa kujerun. Yanzu ba a samun irinta.

"Daidai ƙofa biyu take, babu rara," in ji Baba. "Ka auna kafin ka yanka."

Auta tela ce, ta san zare ta san almakashi, don haka hira ba ta yi musu wuya ba. Lamba ta shiga waya, saƙo ya fara kai da kawo.

"Gimbiya, yau na zana kwalin ƙofar. Na yanke siririn katako, na huda masa wurin mariƙi da na abin murɗa gilashi. Komai ya zauna, sai zuciyata."

"Mai Gam, ka shafa mata gam mana. Ai kana da shi har a gashin gira."

Samarin yanzu da yawa ba su da abin nunawa sai turare da takalmi. Wannan aikin hannunsa yake nunawa, kuma yarinyar kirki tana gane bambancin.

Baba bai makance ba. Ya kira ta ɗakinsa.

"Gyaran mota na kawo shi gidan nan, ba neman aure ba. Ban san gidansu ba, ban san halinsa ba. Ga Dillali, ɗan aminina, ya daɗe yana sallama."

Dillali dai sababbin motoci yake sayarwa, kuma Goggo, ƙanwar Baba, ta riga ta zama kakakinsa. "Ke Auta, mutum ga inuwa ki ce rana kike so? Wancan ko gaisawa aka yi da shi sai an wanke hannu da kananzir."

Auta dai ba ta fasa ba. Wata rana da hantsi ta biya shagonsa, wai ta kawo masa zaren da zai dace da fatar. Ta same shi ya shimfiɗa ta a kan tebur, bayanta a sama, kwali a hannu. Suna hira ya ɗora kwalin ya zagaye shi da alli, ya matsar da shi gefe ya sake zagayewa. Tana ba shi labarin Goggo da kananzir, yana dariya, almakashi yana tafiya.

Sai da ta tafi ya ɗauki fatar ya gwada a kan katakon dama. Sai ya ga ba ta zauna ba.

Duk mai wannan sana'a ya sani, ƙofar hagu da ta dama ba ɗaya ba ne, kamar tafin hannu suke. Kwali ɗaya ake zana su da shi, amma dole a kifa shi kafin a zana ta biyu. Shi bai kifa ba. Ya yanke hagu sau biyu, fatar kuma ta ƙare.

Mai ƙaramin hali zai nemo leda mai kama da ita ya manna, ya bar tsoho ya gano bayan shekara. Shi naɗe fatar ya yi, ya tafi gidan Baba da ƙafarsa, ya durƙusa.

"Baba, na ɓata maka fata. Ban juya kwali ba. Laifina ne ni kaɗai."

Bai ambaci wanda ya zo shago ba.

Baba ya daɗe yana kallon yankan biyu. Dillali yana zaune a wurin, ya kwashe da dariya.

"Baba, ka bar wahala. Akwai na roba, ana kawo su a shirye. Wanda bai san hagu da dama ba, shi za a ba amanar gida?"

"Tashi ka tafi," Baba ya ce wa Mai Kushin. "Kuma kada in ƙara jin ka kira 'yata."

Ya bi umarni, ya daina kira. Goggo ta ce wa Auta kunya ta kore shi, ya ma ce ba ya so. Dillali kuma ya biya ta shago ya sanar da shi wai an kusa sa masa rana da Auta. Kowannensu ya zauna da nasa ciwon. Haka gulma take raba mutane, alhali tambaya guda ta isa ta kashe ta.

Auta ce ta kira shi a waya ta yi tambayar.

"Da gaske ka ce ba ka so na?"

"Wa ya faɗa? Baba ya hana ni kira, kuma an ce mini an kusa sa miki rana. Ina miki fatan alheri, Gimbiya, ko da ba ni da rabo."

"Ranar wa? Ka daina yi mini fatan alherin nan. Ni na ɗauke maka hankali a shago, ka kuma rufa mini asiri. Ka ajiye katakon nan, ina da magana da Baba."

Ta sami Baba a gareji, yana zaune cikin motar da ƙofofinta suke tsirara, ƙarfe da waya duk a waje. Ta durƙusa.

"Baba, ina shagon lokacin da ya yanka. Surutuna ne ya sa."

"Bai faɗa mini ba."

"Ba zai faɗa ba. Amma fatar ba ta mutu ba, Baba. In aka tsaga ta siri-siri aka haɗa da ɗinki, layi bayan layi, siririn yanki ba shi da hagu ba shi da dama. Abin da ɗinki zai cinye, a cike ƙasa da kafet, inda ƙafa take bugu. Sai dai dole a tsaga har mai kyaun, don ƙofofin su zama iri ɗaya."

"Wato guda ɗayan da ta tsira, ita ma in ba ku ku yanka?"

"E, Baba."

Tsohon ya shafa sitiyari. "To. A nan za ku yi, a gabana. In ta lalace, ba fata kaɗai ba, har maganarsa ta ƙare a gidan nan. Kin yarda?"

"Na yarda."

Aka kawo keken ɗinkinta gareji, shi ya zo da kayan aikinsa. Baba ya dasa kujera a tsakaninsu. Mai Kushin yana aunawa yana tsagawa, Auta tana haɗawa a kan soso, kowane layi ya taso kamar kunyar gona. Da aka zo kan mai kyaun, Mai Kushin ya tsaya yana sake aunawa kafin ya sa almakashi.

"Yanka mana, Mai Gam," ta ce ƙasa-ƙasa. "Yau ba zan ce uffan ba."

"Ai kin riga kin ce," in ji Baba, fuskarsa a murtuke.

Mai Kushin ya ja fatar a kan katako, ya naɗe bakinta ta baya, ya manne. Kafin ya ɗora, ya lulluɓe ƙarfen ƙofar da leda mai kauri, ya bi gefenta da gam.

"Wannan kuma fa? Wa zai gan ta?" Baba ya tambaya.

"Ruwan sama zai gan ta, Baba. Rashinta ne ya ruɓar da na da."

Daga ranar Baba ya fara aika a tambayo masa gidan su yaron.

Da aka gama, Baba ya buɗe ƙofar hagu ya duba, ya zagaya ya buɗe ta dama. Layukan sun yi daidai da na kujeru, kamar tare aka haife su. Ya murɗa gilashi ya sauka ya hau, ya rufe ƙofa, ta ba da sauti mai nauyi, babu ƙara ko kaɗan. Goggo ta leƙo, ta shafa fatar, ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta yabo ne babba. Dillali dai ya ce yana da uzuri.

Baba ya dubi saurayin. "Kuskure kowa yana yi. Wanda zai ɗauko nasa ya kawo maka har gida, ya kuma ƙi jingina shi ga mace, ba kullum ake samunsa ba. Ka turo manyanka."

Ranar da aka ɗaura aure, Baba bai yarda kowa ya tuƙa amarya ba. Shi ya shiga gaba, Goggo a gefensa tana ta faɗa wa mutane ta taga cewa surukinta ne ya yi ƙofofin. A ƙofar sabon gidan ya kashe mota, ya juyo ya kalli 'yarsa da mijinta da ya fito tarye.

"Ga ta nan. Ka riƙe ta da gaskiyar da na gani a wurinka. Ke kuma ki tsaya masa yadda kika tsaya a gabana. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa hannuwanku albarka, ya ba ku zuriya masu sana'a da kunya."

"Amin, Baba," suka ce tare.