Rigar Tsoho Kanta

Rana ta sunkuya bayan tafkin Madarumfa, masunta sun ja jiragensu gaɓa, Indo tana tuƙa tuwo a tsakar gida, sai dutse ya faɗo kusa da tukunyar miya. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Ta buɗe baki za ta yi zagi ke nan na biyu ya sauka kan kwanon ɗaki, wani kuma ya tsinka igiyar da mijinta Illo yake shanya kayan sana'arsa. Illo ya leƙa bayan katanga. Ba kowa, sai gonar gero da shiru. Duwatsun da ya tsinta da ɗuminsu, kamar daga murhu aka ciro su.

Illo ɗan bosho ne, mai sayar da kayan gwanjo, amma ya daɗe da barin tallar riguna masu kyan gani. Wani dillali a Yamai ne ya buɗe masa ido: wai akwai Turawa da samarin birni masu neman tsofaffin rigunan aiki, shuɗɗan nan masu kauri na leburorin da, kuma gwargwadon koɗewa da faci gwargwadon daraja. Illo ya shiga bin ƙauyuka a kan moto, wato babur, yana raba tsofaffi da tsummokaransu. In bai samu ta ainihi ba, sai ya ɗauki sabuwa ya gurje ta da dutse, ya jiƙa ta da ruwan toka, ya gasa ta a rana har ta tsufa a hannunsa. Mutum ne da in ya haɗu da talaka, wuyan rigarsa yake fara kallo kafin fuskarsa.

A ƙauyen Safo ya ga rigar tsoho Kanta, manomin da bai bar addinin kakanninsa ba. Tun zamanin da yake dakon buhunan gyaɗa a Maraɗi yake tare da ita, faci kan faci, ga wasu baƙaƙen tabo a kafaɗa. Kanta ya ƙi sayarwa, ya ce rigar ba tasa ba ce shi kaɗai. Illo bai yi gardama ba, ya jira. Da ya ji tsohon ya kwanta ciwo, ya je dubiya har da goronsa, ya tarar da shi yana makyarkyata ƙarƙashin rigar. Ya janye ta a hankali, ya ce zai kai wa tela ya gyara aljihu. Tsohon ba shi da ƙarfin magana, da ido kawai ya raka shi ƙofa. Kafin kasuwa ta zagayo an binne Kanta.

Daga jifa sai aka koma jin nishi a ɗakin kaya duk lokacin da duhu ya fara sauka. Sannan abin ya faɗa kan Habiba, ƴarsu tilo, yarinya mai surutu da waƙa wadda ko daka take yi sai an ji bakinta a unguwa. Wata magariba uwarta ta same ta tsugune a ƙofar ɗakin, haƙora na haɗuwa, tana cewa sanyi, sanyi, da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. Likita bai ga komai ba. Indo ta yi kuka har ta gaji, ta yafa mayafi ta tafi da kanta ta kira Malam Ɗan Baba, dattijon da aka sani da wannan aiki.

Malam ya zo bayan la'asar. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya turara hayaƙi, ya yi ta karatu a kunnenta har inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Can ta ɗaga kai.

"Wane ne kai, kuma mi kake so ga yarinya?" in ji Malam.

"Ba ni da magana da yarinya. Gidana anka ɗauke," in ji muryar nan mai kauri.

Aljanin ya ce tun Kanta yana saurayi yake zaune cikin rigar nan. Kowace shekara kafin shuka Kanta yana yanka masa jan zakara a kafaɗarta, shi kuma yana tsare masa gona. Sai ga wani ya zo da rana tsaka ya kware su su biyu, ya bar su cikin sanyi. Da fari ya ce yarinyar zai riƙe a madadin gidansa. Malam ya ƙara karatu har ta yi ƙara tana birgima. Sai ya sauko, ya rantse cewa in aka ajiye masa rigarsa gobe kafin faɗuwar rana, zai fita kuma ba zai dawo ba.

Rigar tana nan ƙarƙashin gadon Illo. Miƙa hannu kawai ya rage. Amma dillalin Yamai ya riga ya ga hotonta a salula, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Illo ya kwana yana saƙawa, ya tashi da dabara: shi da ya rufe idon masu duba ɗinki da tabarau, aljanin ƙauye ne zai gagare shi? Da safe ya kulle kansa a ɗakin kaya. Ya zaɓi wata shuɗiya, ya yi mata faci inda ya dace, ya ɗiga jinin kaza a kafaɗa, ya busar da hayaƙi. Da ya gama har murmushi ya yi, don bai taɓa aiki mai kyau haka ba. Ta ainihin kuwa ya ƙunshe ya kai tasha a kai wa dillalin Yamai.

Da yamma Malam ya tambaye shi ko ita ce. Illo ya rantse. Aka shimfiɗa rigar gaban Habiba. Ta ɗauka, ta shinshina kafaɗar, ta daɗe tana shafa facin da yatsa, sannan ta yi wata ƴar dariya ƙasa-ƙasa.

"Aiki ya yi kyau," in ji muryar. "Na rantse in fita, ga ni zan fita. Ya ba ni mai kama da tawa. Ni ma na bar mishi mai kama da tashi."

Yarinyar ta yi atishawa ta zube. Tun daga ranar ba a sake jifa ba.

Habiba ta farka, ta ci abinci, ta tashi ta yi tafiya. Fuskar tata ce, muryar tata ce. Amma in Indo ta kira ta, sai ta juyo ta dube ta kamar yadda ake duban mai wucewa a hanya. A ce zauna ta zauna, a ce daka ta daka, shiru. Illo ya kira Yamai hankali tashe, aka ce rigar ta riga ta ƙetare teku. Malam ya dawo ya yi karatu har muryarsa ta dushe, ba wanda ya amsa. Ya naɗe buzunsa, ya ce ba kowa a ciki da zai kora.

Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, suna cewa ai ta warke sarai, kamar ba ita ta kwanta ba. Da suka watse, Indo ta kamo hannun yarinyar ta tsayar da ita gaban mijinta.

"Kai ne gwanin gane ta ainihi," ta ce. "Duba mini. Wannan ɗiyata ce?"

Illo ya duba. Sana'arsa ce, kuma bai taɓa kuskure a cikinta ba. Ya sunkuyar da kai.