Sunan da Zuliha Ta Kira

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya tsare harshe a bayan haƙora da leɓɓa, Ya kuma wakilta mala'iku su rubuta duk abin da ya kuɓuce daga gare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Ya Allah, Ka daidaita alƙalamina.

"Wa kika gani?"

Zuliha ta buɗe ido da ƙyar. Hayaƙin da ke tashi daga kaskon garwashi ya toshe mata maƙogwaro, rufin ɗakin kuma sai juyawa yake yi. Kwananta shida ke nan a kwance, zazzaɓi yana girgiza ta.

"Ban ga kowa ba, Gwaggo... ruwa..."

"Za ki sha. Faɗi tukuna."

Gwaggo Saude ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar mahaifiyarta. Kofin ruwan yana hannunta, ta ɗaga shi inda Zuliha za ta gani. Matan maƙwabta sun cika ɗakin har bakin ƙofa.

"Mace ce ko namiji?"

"Gwaggo, don Allah..."

"Doguwa ce, ko ba haka ba? Ba ita ta ba ki fura a bakin kanal ranar Laraba ba? Kika dawo gida kika kwanta?"

"Faɗi mana, 'yar nan!" in ji wata daga baya. "Duk mun sani, daga bakinki kawai ake son ji."

Tun hantsi ake yi mata tambayar nan, ga shi har an kira azahar. Leɓɓanta sun tsage. Ta dubi kofin, ta dubi fuskokin da suka yi mata rumfa, duk suna jiran abu guda.

"Inna Baraka..."

Ɗakin ya ɗauki salati. Sai a lokacin aka kafa mata kofin a baki.

Inna Baraka kuwa ita ce mahaifiyar Lukmanu, saurayin da Zuliha ta ba wa zuciyarta.

Baƙi ne su a wannan ƙauye da ke tsakanin Kura da Bunkure. Garinsu na asali yana cikin waɗanda ruwan Tiga ya cinye sa'ad da aka datse kogi. Sun yi zama nan da can, har a shekarar 1982 Lukmanu ya sami gona a gefen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, ya dawo da tsohuwarsa. Shi yana noman alkama da tumatir da rani, ita tana dama fura tana kai wa masu tsinkar tumatir. Shekara uku ba wanda ya taɓa jin kansu da kowa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Lukmanu yake zuwa zance wurin Zuliha. Sai ya zauna a can ƙarshen tabarma, ƙafafunsa duk sun yi fari saboda shiga ruwa.

"Yaya Lukmanu, yau ma da laka ka zo mini?"

"Na wanke sau uku, sanyin idona. Ita ma lakar so take ta gan ki."

"To ka gaya mata ta riga ni shiga gidanka, ban yafe ba."

Ya yi dariya har hularsa ta zame. Malam Isiyaku, mahaifin Zuliha, mutum mai karatu da natsuwa, ya riga ya amsa wa magabatan Lukmanu. An sa rana bayan yankan alkama.

Amma akwai wanda abin bai yi wa daɗi ba. Maikuɗi, dillalin tumatir mai lodin kwanduna zuwa Kudu, ya nemi Zuliha ta ƙi shi. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Bai ma taɓa furta kalmar maita da bakinsa ba. Tambaya kawai yake jefawa a gindin mangwaron da ake lodi.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma yara biyu a rani guda? Kafin su zo, mun saba binne yara da rani?"

"Allah ne Ya kawo kwanansu," in ji wani.

"Haka ne, haka ne. To amma wa ya san asalinsu? Garin nasu yana ƙarƙashin ruwa. Wa za ka je ka tambaya, kifi?"

Aka yi dariya. Washegari wanda ya yi dariyar ya maimaita maganar ba tare da dariya ba. Cikin wata guda sai ƙwaryar furar Inna Baraka ta riƙa komawa gida a cike. Ba wanda ya waiwayi ruwan da ya kwanta a bayan gidaje tun zuwan kanal, inda sauro ke tashi rani da damina. Ita kuwa Gwaggo Saude, tsoro ne na gaskiya ya kama ta, domin ta ji an ce a nono ake shan maita, kuma ba za ta ga 'yar ɗan'uwanta ta haihu a irin wannan gida ba.

Wajen la'asar zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalin Zuliha ya dawo. Abu na farko da ta ji shi ne hayaniya tana matsowa daga wajen masallaci.

"Gwaggo, mene ne wancan?"

"An tafi kawo ta. Za ta tsallaka ki sau uku, ta sakar miki kurwa."

"Wa?"

"Wadda kika kira mana."

Sai maganar ta dawo mata, da kofin, da salatin. 

"Innalillahi... Gwaggo, ƙishirwa ce! Wallahi ƙishirwa ce ta sa!"

Ba wanda ya saurare ta. Mata huɗu suka ɗauke ta a tabarma suka shimfiɗe a ƙofar gida.

Ta ga garin gaba ɗaya. Ta ga Inna Baraka a tsakiya, ba mayafi, furfurarta a waje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta ga Lukmanu, ƙarti huɗu sun riƙe shi, rigarsa a yage. Ta ga Hambali mai gyaran keke, wanda shekara uku yana shan furar tsohuwar kyauta, yana ihu tare da masu ihu. Can gefe kuma ga mahaifinta tsaye, carbi a hannu, idonsa a ƙasa.

"Baba!"

Malam Isiyaku ya ɗago. Ya san hukuncin ƙazafi, shi yake karantar da shi a zaure. Ya dubi dama, ya ga liman ya yi shiru. Ya dubi hagu, ya ga mai unguwa ya yi shiru. Ya mayar da idonsa ƙasa.

"Tsallaka!" jama'a suka ce. "Tsallaka!"

Inna Baraka ba ta yi kuka ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"In na tsallaka, na amsa abin da ban aikata ba. In na ƙi, ku ce na ƙi sakinta. Ku gaya mini wanda zan yi in tsira, 'ya'yana."



Zuliha ta tattara abin da ya rage mata na ƙarfi, ta ɗaga murya.

"Ƙarya na yi! Ban ga kowa ba! Ruwa aka hana ni sai na faɗi suna!"

"Kun ji ko?" in ji Gwaggo Saude tana kuka. "Yanzu kuma ta shiga bakinta tana magana!"

To, sai Zuliha ta yi tunanin in babu wanda yake kwance, babu abin tsallakawa. Ta dafa ƙasa. Ta dafa katanga. Ta miƙe tsaye tsakanin tsohuwar da jama'a.



Daga can baya Maikuɗi ya yi magana, a hankali, kamar mai mamaki.

"Ikon Allah. Kwana shida ba ta tashi ba. Daga kawo matar nan..."

Bai ƙarasa ba. Ba ya bukatar ƙarasawa.

"Ta sake ta! Ashe gaskiya ne!"

Har gobe ba a san hannun da ya fara ba. Hoge ne na busasshiyar laka, ya fashe a kafaɗar tsohuwar. Na biyu ya biyo. Na uku dutse ne, daga hannun Hambali, ya same ta a gefen kai. Ta durƙusa kamar mai shirin sujada.

Ganin jini ne ya kwance harshen Malam Isiyaku. Ya yar da carbin, ya ruga ya rufe ta da babbar rigarsa.

"Ku ji tsoron Allah! Duk mai jifa ya fara da ni!"

Hannaye suka sauka. Da ya faɗi haka tun kafin la'asar, da sun sauka tun kafin la'asar. Wannan shi ne abin da ya hana shi barci har ƙarshen rayuwarsa.

Lukmanu ya fizge. Ya sunkuya ya ɗauki dutsen nan mai jini, ya nufi Maikuɗi, mutane suna darewa.

"Lukmanu."

Muryar ta fito daga ƙarƙashin rigar, siririya.

"Ajiye, ɗana. Kada ka zama su."

Ya tsaya.  Dutsen ya faɗi.

A motar alkama aka kai su asibiti a Kura, su biyu. Likita ya duba jinin Zuliha ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, wanda ya cika yankin tun da ruwa ya daina ƙafewa. Aka yi mata allurai. Aka kwantar da su gado kusa da gado.

Zuliha tana samun sauƙi tana jin tsoron sauƙin, domin ta san abin da za a ce a gari. Rana ta uku ta sauko daga gadonta, ta durƙusa a gefen tsohuwar.

"Inna... ni ce na kira sunanki."

"Na sani."

"Ki yafe mini... ko kuwa kada ki yafe, ban cancanta ba..."

Tsohuwar ta lalubo kanta ta dafa.

"Furar nan ta ranar Laraba, ta yi daɗi?"

Zuliha ta fashe da kuka. "Ta yi, Inna."

"To, alhamdulillahi. Har zuma na sa miki, ban sa wa kowa ba. Tashi, 'yata. Mai ƙishirwa ba ya da laifi a wurina. Masu riƙe da kofin su ne za su yi bayani."

Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinSa.

Mutum biyar ne suka sallace ta. Malam Isiyaku ne ya ja, yana kuka har kabbara tana sarƙe masa.

Kwana arba'in Lukmanu bai taka ƙofar gidan su Zuliha ba. Ya yanke alkamarsa shi kaɗai. Ran nan da la'asar sai aka ce ana sallama da Zuliha. Ta same shi a ƙarshen tabarmar nan, ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Yaya Lukmanu..."

"Zauna. Zan gaya miki gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Duk sa'ad da na tuna muryarki, sunan nake ji."

"Ni ma shi nake ji," in ji ta. "Ba zan roƙe ka ba. In ka tafi, ba ka zalunce ni ba."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ta bar mini wasiyya a kanki. Na yi ta neman in ce don wasiyyar kaɗai na dawo... amma ƙarya ne. Mutum ɗari ne a wurin nan, Zuliha, masu lafiya, masu gemu. Ke kaɗai kika miƙe."

"Miƙewar tawa ce ta jawo dutsen."

"Da kin kwanta ma sai sun jefa. Sun riga sun ɗauko shi tun daga gindin mangwaro." Ya share fuska da hannun riga. "Zuliha tawa, in kin yarda a ce da ke matar ɗan mayya..."

"Ɗan Inna Baraka," in ji ta. "Haka za a ce. Wanda ya faɗi wancan, a gabana zai maimaita."

Gwaggo Saude ta rantse ba za ta ga wannan aure ba, ta tattara kayanta ta koma Madobi wurin ɗanta. Malam Isiyaku bai hana ta ba, bai kuma ɗaga rana ba.

Ranar ɗaurin aure mutane suka zo, domin kunyar Malam. Zuliha tana leƙe ta wata kafa a katangar zaure. Aka shafa fatiha. Aka ajiye ƙwaryar goro daga gidan ango a tsakiyar tabarma.

Ba wanda ya miƙa hannu.

Kowa yana satar kallon na kusa da shi. Ƙwaryar tana nan a cike, kamar furar da ta riƙa komawa gida.

Malam Isiyaku ya tashi. Bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba. Ya ɗauki goro ɗaya, ya ɓare, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya tauna a gabansu.

Liman ya ɗauka. Mai unguwa ya ɗauka. Sai hannaye suka yi ta zuwa, har da na Hambali, har da na Maikuɗi, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa Allah Ya ba da zaman lafiya. Kafin a watse ƙwaryar ta zama wayam.

Ƙawayenta suka yi guɗa, suka ce gari ya huce. Zuliha ba ta yi murmushi ba. Ta ga yadda hannayen suka tafi ga goron, kuma ta taɓa ganin tafiyar nan: ɗaya ya fara, sauran suka bi.

Da aka kai ta ɗakinta, abin da ta fara roƙon mijinta ke nan.

"Duk ranar da ka ji gari ya haɗa baki a kan mutum guda, ka tashe ni ko ina kwance. Mu riga dutsen isa."

"Na yi alkawari," in ji Lukmanu.

Ya Allah, Ka jiƙan Baraka, Ka sanyaya makwancinta, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu da duk wanda aka binne da zargin da bai ji ba bai gani ba. Mai karatu kuma, Allah Ya tsare harshenki da hannunki, Ya ba ki ƙarfin miƙewa ranar da kowa ya sunkuyar da kai, Ya sa mu cika da imani. Amin.