Layin da Ba a Taɓawa

Khairat ba ta manta ranar da ta fara ganin Wakil ba. A cikin keke ne, hanyar Arawa, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa ba ta san ana ji ba. Ya juyo ya ce, "Malama, don Allah kar ki daina." Kunya ta sa ta sauka tun ba a kai layinsu ba.

Yau ga shi mijinta. Ya mai da ƙaramin ɗakinsu na Nasarawo situdiyo, saura mikisa kawai, na'urar da ake jona makirufo a haɗa sauti. Ya daɗe yana wasiwasi: mai layi huɗu ko mai takwas?

Ran nan sai ga yayar Khairat, Yaya Bilkisu, afujajan, ko takalmi ba ta cire ba.

"Kina nan kina soya albasa! An ga mijinki a shagon kayan sauti da Selina, mawaƙiyar cocin Herwagana. Tana rerawa, shi ya lumshe ido yana murɗa maɓallai! Mai makirufo ɗaya, me zai yi da layi takwas in ba tara mata ba? Ɗauko gyalenki mu tafi gida!"

Khairat ba ta bi ta ba, amma maganar ta zauna mata a rai. Da la'asar Wakil ya shigo da mai takwas ɗin. Ta laɓe tana kallon yadda yake lallaɓa layin ƙarshe yana murmushi. Yana fita masallaci ta shiga ta murɗe maɓallan kaf!

Da ya dawo sai ya ƙwala kira: "Khairat! Wa ya taɓa nan?"

"Ni ce! Selinar taka ta zo ta gyara!"

Ya zauna a hankali.

"Haba amarya. Wannan ta hannu ce, ba ta ajiye saiti kamar kwamfuta. In an murɗa, ya tafi. Huɗu sun ishe ni aiki, amma kullum sai an sauya su. Na ɗauki babbar don in ware layi ɗaya da ba mai taɓawa — naki. Muryarki siririya ce, ƙaramar tana yi mata shuuu. Selina ce mai irin muryarki, shi ya sa na roƙi mijinta Dennis muka je gwaji tare. Wanda ya kawo miki labarin bai gan shi ba? Da ƙaton tumbinsa?"

Dariya da kuka suka haɗe mata. Sai yanzu ta gane: kishin da aka ɗauko a bakin wani, abin mutum na kansa yake fara ɓatawa.

"To saitin fa?"

"Ya tafi. Amma ga mai muryar."

Ya miƙa mata makirufo. Ta karɓa, muryarta ta cika ɗakin:

"Wakil, na yi alkawari. Ko wa ya kawo min maganarka, kai zan fara tambaya."